Abin da Hansai Ta Ɗauko a Masaki

Idan kun shiga kasuwar Batsari kuka gangara layin 'yan kaji, za ku ga wata guntuwar mata baƙa zaune a kan buhu, tana kallon masu saye kamar su ne suka zo mata da laifi. Ita ce Hansai, matar Hamma ɗan ƙanena. Ni gwaggon mijinta ce. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu nake neman aibinta, kamar yadda ya kamaci duk tsohuwa mai mutunci, amma abu biyu kacal na samu: tuwonta gudaji ne, kuma ta fi ganin girman kaza a kan na mutum.

Daga wajen Tsaskiya aka auro ta. Kakanninta Maguzawa ne, irin manoman nan da gatari ke gajiya su ba su gaji ba. Ubanta ya musulunta tun ba a haife ta ba, wani ƙanensa kuma ya bi coci, zuri'ar ta rabu biyu amma ba su daina cin tuwon juna ba. Hansai ba ta san komai ba sai salla da azumi, ta ma fi ni kiyaye lokaci. Sai dai kun san mutanenmu. Ko jikan jikanka ya yi limanci, ranar da aka yi faɗa sai an tono maka kakan.

Sauran amare da kwalla da langa ake kawo su. Ita har da kwandon zabi, irin na uwarta, masu farin ƙirji kamar sun sa 'yar shara. A duk ƙauyenmu na bayan Yasore babu mai irinsu. Manya ne, ga ƙwai, ga tsiya. Kafin ta yaye ɗanta na fari kowane gida ya samu iri daga hannunta.

Dokoki gare ta, ta fi alƙali. Kazar da aka sayo a kasuwa ba ta haɗuwa da na gida sai ta yi zaman kaɗaici a bayan rumbu an ga kashinta. Kazar baƙo ba ta sha a kaskonta. Idan ciwon kaji ya shigo gari, kun san abin da muke yi, kowa ya kwashi masu gyangyaɗin ya ruga kasuwa ya kai wa wani masifar. Hansai ba ta yi. Wadda ta saki fukafukai sai a yanka tun da sauran numfashi ko a binne. Na taɓa ce mata, "Ke ɗiyar nan, kazar da za ta mutu gobe, in ta mutu a gidan wani ai ba ke kika kashe ta ba." Ta ce, "Gwaggo, wanda ya saya zai dawo kasuwa, ni ma zan dawo." Ba ta sayar da uwa, komai matsi, sai zakaru da waɗanda suka tsufa. Ba ta sayar wa dillalin da ya kama kaza yana lilo da ita kai ƙasa. Akwai wani da ya yi haka, ta karɓe kazarta ta ce ya je a yi lilo da shi tukuna ya ji in da daɗi. Kuma ba ta faɗa wa kowa in ta sa wa kaza ƙwai, saboda baki. Ko Hamma sai dai ya ga 'yan tsaki suna bin ƙafarsa.

Ga wanda bai sani ba, zabuwa uwar banza ce. Ta zuba ƙwai a cikin gona ta manta, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Shi ya sa ake kwaso ƙwan a sa wa kaza mai kwanci. Ƙwan zabo kuma ya fi na kaza daɗewa, ba kowace kaza ke da haƙurin jira ba. Hansai tana da wata baƙar kaza durgu, mai gajerun ƙafafu kamar uwar ɗakinta, wadda in ta kwanta ko wuta aka sa wa gari ba ta tashi.

To, wutar ta zo. Ba sai na ba ku labarin shekarun nan ba, duk wanda ke tsakanin Batsari da Safana yana da nasa. Mutanen daji sun fara da shanu, suka dawo kan tumaki, daga baya har kaji suke kamawa su ɗaure a bayan babur. Zuwansu na ƙarshe a ƙauyenmu, a damina, sun harbe zabin da suka samu a kan itace, sauran suka watse daji ba su dawo ba. Gari ya yi shiru. Ban taɓa sanin ina son hayaniyar zabi ba sai da na rasa ta.

Bayan kwana biyu Hansai ta shiga gonar gero ta bi sawu, ta sami gurbin wata zabuwa cike da ƙwai. Ta kwaso a zaninta ta sa wa durgu. Abin da ya rage ke nan na irin uwarta a duniya, don can Tsaskiya ma an share nasu tuni. Ni ma ban sani ba a lokacin.

Kwanci ya yi nisa sai dattawa suka ce a tashi. Mutanen daji sun aiko da saƙon da ba a jayayya da shi. Shekarar ce da aka kashe layin waya, ba ka iya kiran kowa, sai dai ka sa ƙafa. Hamma ya samo motar da za ta kwashi yara da kayan ɗaki zuwa gidan wansa Malam Sada a Batsari. Aka gama lodi, Hansai ta ce ita ba ta shiga.

Hamma ya ce, "Mi kike nufi ba ki shiga?"

Ta ce, "Ku tafi, ina tafe. Da ƙafa."

Ya dube ni, na dube shi. Sai ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini. Hanyar nan tamu ramuka ce zalla, in ƙwan kwanci ya sha girgizar mota ya zama ɓaragurbi. In kuma kaza ta firgita ta tashi, ba lalle ta koma ba, ƙwai ya huce, shi ke nan. Ta samo babban masaki ta zuba ƙaiƙayi, ta mayar da gurbin ciki yadda yake tun da asuba kaza ba ta gani sosai. Ta sa gawayi da wani guntun tsohon lauje a gefe, kamar yadda muka taras ana yi saboda tsawa. Ta rufe da faifai mai huji, ta ɗaure da abin da hannunta ya kai gare shi, wani jan ƙyalle.

Na ce, "To ni ma da ƙafa. Ni da mota dama ba ma shiri, kuma ba zan bari a ce matar ɗana ta bi hanya ita kaɗai da kaza ba."

Muka kama hanya, rana ba ta yi zafi ba. Masaki a kanta bisa gammo, hannu biyu riƙe, tana taka ƙasa kamar mai tsoron ta tashe ta daga barci. Ba ta waiwaye. In an gaishe ta sai ta amsa ƙasa-ƙasa, ba ta ko juya wuya. In mai babur ya taho ta ratse cikin gona ta tsaya har ƙararsa ta mutu.

Yanzu ku dubi lamarin da idon mutanenmu. Jikar Maguzawa, ranar da gari ya tashi, ta ƙi shiga mota, ta ɗauko rufaffen masaki ɗaure da jan ƙyalle, ba ta magana da ƙarfi, ba ta yarda a taɓa. Wasu mata da suka wuce mu a amalanke suka dube ta suka dubi juna, ɗaya ta ce a'uzubillahi. An kashe waya a ƙasar Batsari amma ba a kashe bakin mata ba. Kafin mu kai rabin hanya labari ya riga mu: Hansai ta tono kan gidansu, abin da kakanninta ke yi wa yanka, tana tafe da shi gari.

Mun fara gane haka ne a shingen 'yan sintiri. Babbansu Jafaru ne, wani dogo da na san uwarsa, ya sha layu tun daga damtse har ƙugu kamar itacen da aka rataya wa kayan shanya. Ya tare mu da bindigarsa ta toka, amma daga nesa.

"Gwaggo, barka da hanya. Inna Hansai, a sauke mu gani. Doka ce, komai sai an buɗe."

Hansai ta ce, a hankali, "Jafaru, rage murya. Ba ta son hayaniya."

Yaransa biyu suka ja da baya.

"Wa... wace ce ba ta son hayaniya?"

"Kaza ce."

"Kaza? Wace iri?"

"Baƙa."

Na ce a raina, ɗiyar nan, da kin yi ƙarya ma da ya fi. Kowa ya san abin da ake yi da baƙar kaza. Na ce, "Kai Jafaru, kaza ce ta Allah da Annabi, kwanci take." Hansai ta harare ni don na tona. Amma ina! Ni da na shekara saba'in ina zolayar mutane, ranar da na faɗi gaskiya sai aka ɗauka sabon salo ne.

Jafaru ya yi ta maza ya matso. Hansai ta durƙusa a hankali ba tare da ta sauke ba, ta ce ya leƙa ta hujin faifai amma kar ya taɓa. Ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Abin da ya gani: baƙin gashi a tashe, gawayi, tsohon ƙarfe, da wani ido guda yana kallonsa. Durgu kuwa ta yi irin gurnanin nan na mai kwanci. Mutumin da aka ce harsashi ba ya huda shi ya yi tsalle baya har ya taka ƙafar yaronsa.

Na ce, "Ashe duk layun nan babu na kaza?"

Ya ce, "Ku wuce, Gwaggo. Don Allah ku wuce. Allah ya raba mu da abin da ya fi ƙarfinmu."

Daga nan hanya ta zama tamu. Mutane na hango mu sai su dare. Wani mai rake ya kwashe kayansa daga inuwa ya bar mana ita, har da rake ɗaya da ya manta, muka zauna, ni na sha rake, ita ko ruwa sai da na ɗura mata a baki don ba ta son ta cire hannu. Wuyanta ya sage, zufa na bin bayanta, ƙaya ta soke ta ta ce in cire mata tana tsaye. Hadari ya taso daga gabas ya yi mana barazana, ta cire mayafinta ta lulluɓe masakin, ita ta tsaya haka nan. Allah ya taimake mu iska ta kore shi. Na ce, "Ko Hamma bai taɓa samun wannan gatan ba." Ta ce, "Hamma ba ya hucewa."

La'asar sakaliya muka shiga Batsari. Ƙofar gidan Malam Sada cike da mutane kamar ana rabon taki. Shi Sada ba mugu ba ne. Ya buɗe gidansa ga dangi fiye da yadda ɗakunansa za su ɗauka, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwa, idon kowa na kansa. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, sannan ya miƙe.

"Hansai, gida naki ne. Amma abin da ke kanki ba zai shiga ba sai an buɗe kowa ya gani."

"Yaya Malam, kaza ce ke kwanci."

"To buɗe mana. In kaza ce ai magana ta ƙare."

Ta dubi taron, yara sun yi da'ira suna ture juna, ga karnuka, ga masu babur. In aka ɗaga faifan nan a haka, durgu sai ta kan katanga.

Ta ce, "Ba yanzu ba. A ba ni lungu, in duhu ya yi a buɗe."

Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko? Ba ya son rana!"

Na ce, "Kai Sada, ni na wanke maka kashi kana jariri, yau ni zan yi maka ƙarya a kan kaza?"

Ya ce, "Gwaggo, ke ce fa kika taɓa aika ni gidan mai gari in karɓo maganin tsawo."

Aka yi dariya, har ni, don gaskiya ne, kuma ga shi har yau bai ƙara ko taƙi ba. Hamma ya matso kusa da matarsa. "Hansai, don girman Allah buɗe. Ƙwai ne fa. Sunanki ake ɓatawa, yaranmu na ji."

Na daɗe ina kallon mutane, na san fuskar mai shirin kuka. Ba irin wannan fuskar Hansai ta yi ba. Ta ce, "Suna in ya ɓaci ana wanke shi, Hamma. Wanga in ya huce ya tafi ke nan." Ta ce wa Sada, "Yaya Malam, na gode. A riƙe mini yara." Ta juya da masakinta a hankali, taro ya buɗe mata hanya.

Na bi ta. Can bayan gari akwai gidan Rebecca, ɗiyar ƙanen ubanta, ta ɓangaren masu zuwa coci, tana sayar da ƙosai. Labari ya riga ya kai mata ita ma, har da ƙarin cewa abin yana magana. Muka same ta a ƙofa tana wanke wake, hannu duk kumfa.

Hansai ta ce, "Rebecca, kin ji abin da ake faɗi."

"Na ji."

"Kaza ce."

Rebecca ta share hannu a zani. Ta ce, "In kaza ce, bismilla. In ma kakanmu ne a ciki, ai nawa ne ni ma. Shigo da shi, ya sha hanya."

Ta ba mu ɗakin da take ajiye itace. Mu biyu muka kama masakin muka sauke, don wuyan Hansai ya ƙi lanƙwasuwa. Da magariba ta yi aka rufe ƙofa, aka kwance ƙyalle, aka ɗaga faifai. Durgu ta miƙe. Ta fito, ta yi miƙa, ta saki abin da ta riƙe tun asuba, wari ya cika ɗaki, Rebecca ta toshe hanci ta ce lalle wannan ba kakanta ba ne. Kaza ta sha ruwa, ta tsattsagi tsaki, sannan ta shiga zagaya ɗakin tana leƙen lungu-lungu. Ba ta ko kalli masakin ba.

Hansai ta sa bayan hannu a kan ƙwan. Da sauran ɗumi, amma yana tafiya. Ba a tilasta wa kaza kwanci, in ka danna ta ma ka kore ta. Ni da ban taɓa rufe baki don sarki ba, na rufe don kaza. Ta hau kan itace ta sauko. Ta tsaya tana gyaran gashi kamar amarya. Na ji Hansai na motsa leɓe, Rebecca ma na motsa nata, kowa da inda ta aika.

Sai durgu ta karkata kai ta dubi masakin. Ta taka da 'yan ƙafafun nan nata ta hau baki, ta sa baki ta jujjuya ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza jiki ta zauna. A nan ne Hansai ta zame ta jingina da bango, ta ce a ba ta ruwan zafi ta gasa wuya.

Sauran kwanakin ba su yi mata daɗi ba. Ta je rijiya mata su janye guga. Wata ta hana ɗanta wasa da na Hansai. Kullum da safe ta je gidan Sada ta gaishe shi, ta yi wa yaranta wanka, ta dawo ta zauna a ƙofar ɗakin itace tana taya Rebecca gyaran wake.

Wata safiya ta kira ni ta ce in kasa kunne. Ƙwai na ƙwanƙwasawa daga ciki. Kafin azahar durgu ta fara ɗaga jiki, wasu ƙananan kawuna masu zane-zane suna leƙowa ta ƙarƙashin fukafukanta, ƙafafu jajaye kamar an sa musu lalle. Ba duka suka fito ba, hanya ta ci nata rabon. Amma waɗanda suka fito sun isa iri, akwai maza akwai mata, kamar yadda muka gani daga baya.

Ba ta aika a kira kowa ba. Ni ce na ɗauki sandata na bi unguwa gida-gida ina cewa a zo a ga kan gidan Maguzawa ya haihu. Aka zo kuwa. Matan rijiya suka zo, kowace na cewa ita dama ba ta yarda ba. Jafaru ya zo ranar kasuwa ya leƙa, ya ce shi tun a shinge ya gane, gwada yaransa yake. Malam Sada ya zo da kansa, ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hansai, na zalunce ki. Ki yafe mini, ki dawo gida." Ta ce ta yafe, amma 'yan zabi ba sa son canjin wuri, sai sun yi fiffike. Washegari ya aiko da kwanon tsakin dawa.

Ta rene su yadda ta saba. Ba sa fita sai raɓa ta bushe. Ta kife tsohuwar tukunya cike da karmami a bakin suri tana kwaso musu gara. Da damina ta zagayo suka fara ƙwai, masu kuɗin gari suka yi ta zarya, ta ce ba na sayarwa ba ne tukuna. Ta bi mutanen ƙauyenmu inda suka warwatsu, na makarantar firamare, na kangon bayan tasha, na gidajen dangi, duk mai kaza mai kwanci ta ba ta ƙwai. Har Tsaskiya ta aika wa 'yan uwanta, ta hannun wani mai tafiya da jaki. Sai da kowa ya samu sannan ta shimfiɗa buhunta a kasuwa, da dokokinta duka, ba ta rage ko ɗaya don yunwa ba.

Ƙauyen har yanzu ba mu koma ba, sai dai maza su je noma su dawo. Amma in kun bi bayan garin Batsari da hantsi za ku ji masu farin ƙirji a kan katangu suna ta zuba, ba mai iya sauraron rediyo. Kwanan baya wani ma'aikacin sakatariya da ke maƙwabtaka da su ya fito a fusace ya ce zabin nan sun hana shi sakat, wai ba su da aiki sai surutu. Hansai na watsa musu dawa, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Yi haƙuri, Malam. Baƙi ne, labarin garinsu suke ba ka."